Sauran Kunne da Ƙafa

"A'a, Madam! Har gwiwar hannu. Ruwan cizo yake yi ne?"

Malam Tahidu ne ke faɗa daga kan tabarmarsa, muryar duk ta dushe don ciwo. Serwaa ta sake karkata butar. 'Yar Kumasi ce, Kirista, ɗakinta na kallon nasa a wani gidan haya a unguwar Aboabo. Ita aka ba darasin addini a firamaren da tsohon ya koyar har ya yi ritaya, ga shi Litinin mai zuwa alwala za ta koyar. Iyayen yara kuwa, Barikisu mai shinkafa da wake a kan gaba, sun riga sun ja wa hedimasta kunne: in matar coci ta lalata wa 'ya'yansu alwala, za su kwashe su daga ajinta.

"Malam, ina jin tsoro sosai fa."

"Tsoron me? Ni da gemuna na koya wa yaranku Addu'ar Ubangiji ta coci shekara da shekaru. Wa ya ci ni tara?"

Ya yi dariya, dariyar ta juye tari. Da ƙyar suka kai shafar kai.

"Saura kunne da ƙafa," ya ce. "Gobe in kin taso coci, in Allah ya kai mu."

Allah bai kai shi ba. Da ta dawo daga coci, babura sun cika layin, maza har sun ɗauke shi zuwa maƙabarta. Ko sallama ba su yi ba! Ta zauna a dokin ƙofarta ta yi kuka mai isarta, na rashinsa da na fargabar gobe. Daga nan ta cire takalman coci, ta ɗaura zane, ta shiga ɗebo wa masu zaman makoki ruwa.

Da aka kira la'asar, Barikisu ta tsuguna a gefen tsakar gida za ta yi alwala. Serwaa ta ajiye bokiti, ta ƙi tafiya, tana satar kallo.

"Ke Madam, lafiya? Ba ki taɓa ganin mutum ba ne?"

Kunya ta kama ta, amma ta daure. "Malam yana koya min. Mun tsaya a kai. Ban san kunne da ƙafa ba."

Barikisu ta dube ta sama da ƙasa. Can sai idonta ya ciko.

"Ni ma shi ya koya min, da ranƙwashi," ta ce. Ta share hanci da bakin mayafi. "To tsayuwar me kike yi? Tsuguna. Da ƙafar dama ake farawa, kada gobe ki kunyata mu gaban yaran."

Serwaa ta tsuguna kusa da ita. Barikisu ta kama yatsanta ta sa mata a kunne, sannan ta shiga zuba mata ruwa a ƙafa a hankali. Ruwan su biyun ya haɗu a kan siminti, yana gangarawa ƙarƙashin ƙofar gidan.