Waƙar Shafi na Arba'in da Biyu

Ranar Talata Malam Abdulwahid Yelwa ya ajiye wani littafi a kan teburin Shifa'u, kusa da na'urar auna danshi, ya ce, "An ce mini kina sharhin littattafai a Fesbuk. To ga nawa. Ranar Asabar za a ƙaddamar da shi a nan harabar kamfani, ke ce mai sharhi."

Bai tsaya jin amsarta ba. Shi ne manajan kamfanin gyaran zoɓo da ke Sharada, inda Shifa'u ke aikin duba ingancin kaya wata biyar ke nan. Gwajin wata shida aka ɗauke ta, takardar tabbatar da ita kuwa tana cikin durowarsa, bai sa mata hannu ba. Duk yammacin da ta koma gida Panshekara sai mahaifiyarta ta dubi jakarta kafin ta dubi fuskarta.

Shifa'u ba mai magana ba ce. Shekara huɗu ta yi a jami'a ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Amma duk sabon littafin da ya fito sai ta nemo shi, ta karanta a motar ma'aikata, ta rubuta abin da ta ji. A bana kaɗai ta karanta goma sha tara. Labarin wata ungozoma ya taɓa ɗauke mata hankali har mota ta wuce da ita layinsu. Wani kuma mai shafi ɗari huɗu, cewa ta yi marubucin ya fi son motocin mutanen labarinsa a kan su mutanen. Masu bin shafinta ba su da yawa, sai dai sun san ba ta yabon abin da bai burge ta ba.

Littafin manaja sunansa Numfashin Injuna, waƙoƙi talatin da ɗaya. Ƙafiya daidai, ma'auni daidai, amma gaba ɗayansu kamar buhunan sito suke, kansu ɗaya, an ɗinke bakinsu. Tana ta juya shafi ba ta jin komai, har ta kai na arba'in da biyu.

Ja ya kama hannuna, ban yanka kowa ba,
Tsinke na fid da shi, tsakuwa na fid da ita.

Ta rufe littafin, ta sake buɗewa. Wannan kam tana da rai. Kuma ta san ta. Kullum tana jin ta a rumfar tsinta, inda mata 'yan aikin rana ke zama a kan tamfol suna tsince datti daga zoɓo. Iya Fanna ce ke bayar da ita, wata dattijuwa da ta zo daga Nijar, wadda wurin zamanta yake daidai ƙarƙashin tagar ofishin manaja.

Abu ɗaya ne babu a littafin: amshi. Matan ƙasa-ƙasa suke yin sa, ta cikin takunkumi, ƙarar fanka tana danne shi. Daga ofis muryar Iya kaɗai ake ji. Shi ya sa waƙar take tsayawa bayan kowane layi biyu kamar wanda ya ɗaga ƙafa bai sauke ba.

Ranar Alhamis, lokacin cin abinci, ta tsuguna kusa da Iya ta karanta mata shafin.

"Waƙata a takarda?" in ji Iya Fanna. "Har da hotona, ɗiyata?"

"Hotonsa ne, Iya. Da sunansa."

Zaituna, wata mai tsinta da ke kusa da su, ta yi dariya har ta ƙware. "Iya, ashe kin yi hula da gemu ba mu sani ba."

Iya ba ta yi dariya ba. Ta dubi tafin hannunta da zoɓo ya rine. "A kan tamfol ɗin nan nake aka zo aka ce mini maigidana ya rasu. Bayan na fita takaba na dawo, ita na fara yi don kada in yi kuka a gaban mutane." Ta ɗauki lomarta. "Ki bar shi, Malama. Ke da ba ki zauna da gindinki ba tukuna."

Sau uku Shifa'u tana rubuta sharhin. Na farko yabo ne zalla, da ta karanta shi sai ta ji kunyar kanta. Na biyu ya faɗi komai, ta san in ta karanta shi ba za ta ga takardar nan ba. Na uku ta saka a jaka.

Ranar Asabar da hantsi aka kafa rumfa a harabar. Manyan baƙi daga Bompai da Challawa suka zauna a gaba. Kamar yadda aka saba in za a yi taro a kamfanin, an ce matan tsinta su wanke hannu su cika kujerun baya, kada wuri ya yi kama da ba kowa. Bala mai kula da sito shi ne mai gabatarwa.

"Yanzu ga 'yarmu, mai digiri, za ta lasa mana zumar da ke cikin littafin nan," in ji shi. "Malama Shifa'u, a ɗaga murya, ba da na'ura za ki yi magana ba."

Aka yi dariya. Ta karɓi makirufo da hannu biyu. Ta yi sallama, ta gaida manya. Ta ce marubucin ya san ma'aunin waƙa, bai karya ko ɗaya ba. Ta ce waƙar ɗauke wuta a tsakiyar aiki tana da layi biyu masu kyau, sauran kuwa sun fi kama da jawabi. Malam Abdulwahid ya gyara zama, murmushinsa ya ɗan rage, amma ya gyaɗa kai.

"A al'ada mai sharhi yakan karanta wadda ta fi burge shi," ta ce. "Tawa tana shafi na arba'in da biyu."

Ta karanta layi biyun farko. A takarda baiti na gaba yana nan yana jiran ta. Da ta zarce, da ba wanda zai lura da komai. Ta hango Iya Fanna can baya, kanta a sunkuye. Sai ta sauke littafin ta yi shiru, daidai inda Iya kan yi.

Shekara tara bakunan matan nan suna cike wannan gurbin. Yau ba takunkumi, ba fanka. Kafin su tuna inda suke, muryoyi kusan arba'in suka tashi tare:

"Buhu ya tafi Ikko, mu muna nan."

Baƙi suka waiwaya. Zaituna ta toshe bakinta da mayafi. Shifa'u ta karanta layi biyu na gaba, ta sake tsayawa, aka sake amsa mata, wannan karon a rarrabe, a tsorace. Wani Alhaji a sahun gaba ya buɗe nasa kwafin yana neman layin, bai same shi ba.

"Wannan ita ce waƙar da ta fi kowacce a littafin," in ji Shifa'u, idonta a ƙasa. "Amshin bai shiga ba. Mai ita tana zaune a baya, sunanta Iya Fanna."

Ta miƙa wa Bala makirufo. Ya karɓa, sai ya ce a yi salati.

Ranar Litinin manaja ya aika a kira ta. Bai ce ta zauna ba. Kwalaye biyu na littafin suna gefen teburinsa, takardarta kuma tana kai.

"Da kin same ni a ofis kin gaya mini," ya ce.

"Na ji tsoro, ranka ya daɗe."

"Tsoro. Shi ya kai ki faɗa a gaban mutum ɗari biyu." Ya daɗe yana kallon tagar. "Na ɗauka tsohuwar waƙa ce da ba ta da mai ita. Ban tambaya ba." Ya tura mata ƙunshin ƙananan takardu masu gam. "Ki rubuta sunanta da amshin, ki manna a kowane kwafi." Sannan ya ɗauki takardarta ya mayar durowa, ya kulle. "Wannan kuma, na ƙara miki wata uku na gwaji. Zan ga ko za mu iya aiki tare."

Ta fito da kwali ɗaya a hannu, tana tunanin abin da za ta gaya wa mahaifiyarta. A rumfar tsinta ba mai waƙa. Ta tsuguna kusa da Iya ta tambaye ta cikakken sunanta.

"Fanna Mamadu," in ji Iya, hannunta bai bar tsinta ba. "Amma ki sa har da Zaituna. Maganar buhu ita ta kawo ta."