Mai Faci

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, ko a coci ma bencin baya nake zama don kada a ce in karanta wani abu. Mama ce ta matsa, wai alherin Ubangiji ba a tura shi ƙarƙashin gado.

A shagon ɗinki nake aiki. Mai shagon, wadda muke kira Anti, ta yi mini alkawarin ranar da hannuna ya faɗa za ta bar mini keke ɗaya ya zama nawa. Hannu ya faɗa tuntuni. Amma da 'yar ƙanwarta ta zo, sai aka zaunar da ita kan sabon keke kusa da taga, ni aka mai da ni lungu, kan tsohon da ke tsallake zare.

"Sabon yadi nata ne," in ji Anti. "Ke riƙe gyara. Yagagge, ɓallallen zif, duk naki."

Tun ranar yarinyar ta raɗa mini Mai Faci. In wani ya shigo da wando a leda, ko kai ba ta ɗagawa. "Wuce ciki, asibitin yana can baya."

Na faɗa wa Mama ina murza idona da ke yaji.

Ta ce, "Kin manta wa'azin fasto? Makiyayin nan da surukinsa ya yi ta sauya masa lada, ya bar masa tumaki masu dabbare-dabbare kawai. Ai su suka yi ta haihuwa."

"Mama, wandon da ya fashe ba ya haihuwa."

"To, ci abincinki."

Ni kunyar faci nake ji, shi ya sa ta ciki nake sa shi. Sai in tona kwandon ƙyalle in samo mai kalar kayan, in bi saƙar a hankali yadda ba za a gani ba. Da rayuwa ta yi tsada, mutane suka rage yankan sabon yadi, ledoji suka taru a lunguna har ba wurin sa ƙafa. Keken taga kuwa yakan wuni shiru.

Anti ta lura. Wata rana ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Daga yau gyaran ma ita za ta riƙa yi. Ke ga guga, ga shara."

"Anti, maganar keken fa?"

"Wane keke? Ke dai gode wa Allah kina da inuwar zama."

Na ɗauki dutsen guga. Na yi ta guga har na daina jin kafaɗata tawa ce. Addu'a ma sai in fara in rasa abin faɗa.

Ran nan da yamma ina zaune ƙofar ɗaki, ko takalmi ban cire ba, wata mata ta leƙo da buhu a ka. Matar wani direba ce da ke kawo mini kayan makarantar 'ya'yanta.

"Ashe nan ne gidan Mai Faci. Ban san sunanki ba, da shi na yi ta tambaya har aka nuno mini. Na kai shago, yarinyar nan ta manna mini faci ta waje kamar filasta, yaron ya ce shi ba zai sa ba."

"Ayya, ai ba ni da keke."

"Allura ta ƙare a duniya ne? Ga na maƙwabta ma sun haɗo ni da su."

Ta zazzage buhun a tabarma. Wanduna ne, manya da ƙanana, duk gwiwa a fashe.

Mama ta fito, ta dube su, ta dube ni. "Wa ya ce ba ya haihuwa?"

Ban iya dariya ba, gajiya ta hana. Na dai ce amin a raina, ban ma san ga wace addu'a ba.

Washegari ban tafi shago ba. Na jawo benci ƙofar gida inda haske yake, na zura zare a allura, na juya ƙaramin wandon ta ciki.