Ɗakin da ke Bayan Kantin Yaya

Auta ta murɗa hannun ƙofar sau biyu, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Jaririyar da ke kafaɗarta ta wuce ƙunƙuni, ta shiga irin kukan nan da take ɗauke numfashi kafin ta sake tsala shi. Tun a cikin bas take neman nono, Auta na jijjiga ta tana ce mata saura kaɗan su isa kantin Yaya.

Ta leƙa ta gilashin saman ƙofar. Katan-katan ne na madarar gwangwani da kunzugu jibge har silin. Kujerar mai hannu an kife ta a kan tebur, ƙafafu a sama. Shuɗin labulen da Auta ta ɗinka da kekenta an dunƙule shi an cusa tsakanin katan biyu. Rubutun jikin ƙofar dai yana nan daram: Ɗakin Shayarwa.

Wata biyar rabonta da kantin, tun da cikinta ya tsufa. Yaya kan leƙo gida duba ta, amma ba ta taɓa cewa an rufe ɗakin ba.

Yaya na can gaba tare da wani mutum mai ƙamshin turare da matarsa mai tsohon ciki, tana nuna musu gadon jarirai. Ta ga shigowar Auta, ta ɗaga mata yatsa ɗaya, alamar ta jira. Auta ta jira, yarinya ta ƙi jira. Sai ta jawo kujerar roba bayan kantar kayan wasa, ta juya wa mutane baya, ta lulluɓa mayafi, ta sa mata nono. Kuka ya ɗauke ɗif. Ba ka jin komai sai haɗiya, ga 'yar ƙafa ɗaya ta leƙo tana motsi.

Shekara tara da suka wuce, lokacin Yaya na da tagwaye kuma duk jarinta bai wuce tebur ɗaya a bakin titi ba, an taɓa fitar da su daga wani babban kanti saboda ta zauna tana shayarwa. Auta ce ke riƙe da ɗaya daga cikin tagwayen. A kan dakalin waje Yaya ta ƙarasa ba su nono, tana kuka suna kuka, ta rantse duk ranar da ta yi kanti nata sai ta ware wa uwaye ɗaki. Ta kuma cika. Mata sukan tsallake kantuna uku su zo nata saboda ɗakin nan.

"Madam," muryar mutumin ta taso, "wannan fa? Kanti ne nan ko ɗakin kwana?"

"Ai ta rufe jikinta," matarsa ta ce a hankali, hannunta a kan ciki.

"Ke na tambaya? Ni ban saba sayayya a irin wannan wuri ba."

Auta ta ji takun takalmin Yaya yana matsowa. Har ta fara murmushi a ƙarƙashin mayafi, don ta san bakin Yaya. Yanzu za ta ce masa ƙanwata ce, in bai yi maka ba ga hanya nan.

"Baiwar Allah," in ji Yaya, "don Allah ki ɗan fita waje ki ƙarasa. Kin ga akwai mutane."

Auta ta ɗago. Yayarta ce dai, ciki ɗaya, mai hancin mahaifiyarsu. Amma idonta na kan kantar kayan wasa, ba a kanta ba.

Ta zare nonon daga bakin yarinyar. Ruwan ya ɗiga ya jiƙa mata gaban riga, jaririya ta canyara ihu. Ta saɓa jakarta ta bi ta gabansu. Matar mai ciki ce kaɗai ta matsa mata hanya, kanta a sunkuye.

A waje rana ta take, motoci na ta hon, babu ko dutsen zama.

"'Yata, shigo nan."

Tsoho mai gyaran agogo ne, wanda shagonsa ke manne da kantin, ɗan tsukuku da bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Ya kwashe tarkace daga kan benci, ya goge da hannun rigarsa, ya karkato mata fanka. Sannan ya ja kujerarsa zuwa bakin ƙofa ya zauna, ya ba ta baya, ya maƙala gilashin aikinsa a ido.

"Kada ki yi sauri," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Duk agogunan da ke nan a tsaye suke."

Auta ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Suka sauka a kan goshin yarinyar, ta share da babban yatsa.

Sai da aka ɗaure gadon a saman mota, motar ta tashi, sannan Yaya ta shigo da robar ruwa mai sanyi. Tsohon ya ɗaga kujerarsa ya koma can gefe.

"Auta, haba. Har da kuka?"

"Au, yanzu kin tuna sunan?"

"Kin san mutanen nan. Da na ce ƙanwata ce, cewa zai yi na mayar da kanti gidanmu. Shi kaɗai ya turo min abokansa biyar a bana."

"Ɗakin fa?"

"Kaya sun yi yawa, sito ya cika. Na ɗan lokaci ne."

"Tun yaushe?"

Yaya ta juya robar a hannunta. Ta zauna a bakin bencin, ta kama ƙafar jaririyar tana mata wasa.

"Mu bar wannan. Dama abin da ya sa na ce ki zo, ranar Asabar masu ɗaukar hoto za su zo, talla za a yi mana. Za mu kwashe katan ɗin da safe, a maida labule, ki zauna da 'yata a kan kujerar nan kina ba ta. Kin san hoton uwa da jariri yana jan mutane."

"Da yamma kuma a maida katan."

"Auta..."

Yarinyar ta saki nono ta yi barci, baki a buɗe. Auta ta gyara riga, ta goge mata leɓe, ta janye ƙafar daga hannun Yaya a hankali ta rufe da zani.

"Ki nemi wata," ta ce.

Ta miƙe, ta bar robar ruwan a kan benci ba ta buɗe ba. A bakin ƙofa ta rusuna wa tsohon.

"Baba, na gode. In na shigo gari da ita, zan iya ratsowa?"

"Bencin ba ya zuwa ko'ina, 'yata."

Ta tsallaka titi zuwa inda bas ke tsayawa. Ta ji Yaya ta kira ta sau ɗaya, sannan wata mota ta tsaya a ƙofar kanti, kiran bai sake zuwa ba.