Ƙarfen Matakala Ba Ya Tsatsa

Ranar Talatar da Doguwa ta zo ganin masaƙar da na gina a kan teburin cin abinci, ranar na daina ɗaukar kaina a matsayin mutumin da ya san matarsa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi. Na yi ritaya, bayan wata bakwai matata ta rasu, sai na shiga ƙungiyar wasu tsofaffi shida masu gina 'yan ƙananan siffofin masana'antu da kwali da waya da gam. Mutum a irin wannan gini bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Ginin kowa zai iya. Tsufar da shi ne aikin: bango ya fito kamar ruwan shekara arba'in ya zuba a kansa. Nakan shafa launin tsatsa a ƙasa, in barbaɗa gishiri, in fesa fenti a kai, in ya bushe in kankare gishirin da tsohon buroshi, sai ƙarfen ya fito da ƙuraje kamar na gaske. Shugaban ƙungiyar, wani likitan haƙori da bai taɓa kai ƙarshen littafi ba, ya naɗa ni sarkin tsatsa. Na karɓa, tunda ba a yi mini tayin wata sarautar ba.

Masaƙar da matata ta yi wa aiki shekara ashirin da shida na zaɓa. An rufe ta tuntuni, amma na samu hotuna goma sha huɗu da wani ya ɗauka bayan rufewar. Wata takwas na yi a kanta. Ranar Asabar za a baje ayyukanmu a zauren laburare, har na rubuta kati: don tunawa da matata. Abu ɗaya ya rage. Na sassaƙa 'yar mace da ɗankwali, na rasa inda zan tsayar da ita, don ban san injin da take kai ba. Ban taɓa shiga wurin ba. A makaranta in aka tambaye ni, cewa nake a kamfani take aiki, in bar mai tambaya ya ɗora ta a kan kujera da kansa.

Shi ya sa na aika wa Doguwa, ƙawarta da suka yi aiki tare.

"Malam, ashe kana nan da ranka," in ji ta daga bakin ƙofa. "Na ɗauka littattafan nan sun rufto maka."

"Ke suke jira."

Ta ajiye jaka, ta sunkuya kan teburin, ta daɗe tana kallo. Ni kuma na tsaya ina jiran yabo.

"Wannan wace bola ce?"

"Masaƙarku ce."

"Tamu? Allah ya sawwaƙe." Ta miƙa yatsa, na ce kar ta taɓa, ta taɓa. "Wa ya ce maka ƙarfen matakala yana tsatsa? Mata ɗari uku ke riƙe shi safe da yamma. Ƙyalli yake yi kamar cokali."

"Haka yake a hoto."

"Gawa aka ɗauka a hoton naka, Malam. Ka gina gawa, ka zuba mata mutane." Ta matsa gaba. "Dubi ƙasa. Da mai kula da mu ya ga mai ya zube haka, da mun ji a jikinmu. Ga taga kuma ka shafe ta da baƙi. Wannan tagar Agogo ce ke goge ta kullum da gefen ɗankwalinta, wai ba za ta yi aiki a kabari ba."

"Wace ce Agogo?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Matarka mana. Ba ta taɓa makara ba ko sau ɗaya. Kai ba ka san sunan ba?"

Na ce na manta. Ƙarya ce, ita ma ta sani. Na san sunayen ministocin ƙasashen da ban taɓa takawa ba.

Ta nuna mini injin, na uku daga taga. Na sa alama da fensir, na yi godiya, na fara kallon jakarta ko za ta gane. Ba ta gane ba. Ta zagaya ɗaya gefen teburin, sai ta sake sunkuyawa.

"Amma nan ka yi daidai."

'Yar ƙofar gefe ce da ma'aikata ke fita. Shuɗiya, fentin ya ɓare a wajen sakata, ga ƙarfe rawaya a gefenta ya lanƙwashe inda mota ta taɓa buge shi.

"Har lanƙwasar," in ji ta. "Malam, an cire ƙofar nan shekara biyar kafin a rufe mu. Ba ta cikin hotunanka."

Ba ta ciki. Ban ma lura ba lokacin da nake yin ta, hannuna ne kawai ya tafi. Sau ɗaya na taɓa ganin ƙofar. Da la'asar ne, mun taso daga taro, ni da shugaban makaranta da wani babban baƙo mai duba malamai, muka biyo ta titin daidai lokacin tashi. Matata tana tsaye a bakin ƙofar cikin rigar aiki, auduga har a girarta. Ta ɗaga mini hannu. Ni kuma na kafe ƙofar da ido. Na kalli sakatar, na kalli fentin, na kalli ƙarfen rawaya tun daga sama har ƙasa, ina ci gaba da yi wa baƙon bayani, har muka wuce.

"Ina gefenta ranar," in ji Doguwa. Muryarta ta sauka, wasan ya fita daga ciki. "Ta sauke hannun, ta ce da mu, bai sa tabarau ba ne. Kana sanye da shi, Malam. Na so in zo har gida in wanke ka tas, ta ce in na yi mun ɓata."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce in goge tagar nan ko ba komai.

Na kira likitan haƙori na ce ba zan kawo komai ranar Asabar ba. Ya ce sarki guda ba zai halarta ba? Na ce gam ne bai bushe ba. Na yaga katin. Na goge tagar da auduga a bakin tsinke, na bi ƙarfen matakalar da fensir har ya fara ƙyalli. 'Yar macen tana nan kwance a murfin kwalba, na kasa tsayar da ita a inji na uku.

Ranar da na kafe ƙofar nan da ido, da matata ta dawo gida ta wanke audugar, ta zuba mini abinci, ta tambaye ni ya taro. Na ba ta labarin taro tun daga addu'ar buɗewa. Shekara goma sha tara muka ƙara yi a wannan teburin, kullum tana can gefen, ban taɓa ce mata ba: na gan ki.