Fitilar Gidan Ubana

…masauki wai. Masauki! Ni zan kwana a masaukin bakin tasha, ina jiyo ƙarar wasan wuta daga ƙauyenmu, kai kana cika baki da jiaozi, ƙullin fulawar nan mai nama da kabeji, a gidan da aka haife ni tun ba a san za a yi ka ba? Dehai ƙanena, ashe ba ka da kunya.

Shinkafar nan ta huce. Ban ma san me suka zuba a kai ba, kabeji ne ko tsumma. Ɗakin cin abincin masana'anta ya zama kasuwa, kowa da waya a hannu, tikiti, tikiti, na samu, ban samu ba. Ni na samu. Kwana tara ina danna waya kafin a ba ni na tsaye a jirgin ƙasa, awa goma sha shida daga nan Dongguan zuwa gida Henan a kan ƙafafuna, in sauka ranar jajiberin sabuwar shekara da hantsi. Sai ga saƙonka na murya ɗazu. "Yaya Suying, kin dai san al'ada. Ki zo ranar biyu ga wata kamar sauran 'ya'ya mata. In tikitin ba ya canzuwa, akwai masauki mai tsabta kusa da tasha."

Mai tsabta. Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe.

Na san al'ada mana, wa bai sani ba? 'Yar da aka aurar ba ta ganin fitilar gidan ubanta daren jajiberi, in ta gani arzikin 'yan'uwanta maza ya tsiyaye. Ta ci sabuwar shekara a gidan miji. To wane mijin? Wanda ya sake ni tun bazara? In je in ƙwanƙwasa ƙofar uwarsa in ce a ba ni kujera?

Arzikinka… wane arziki ne da kai da idona zai cinye? Babur ɗin da ba ya tashi sai an tura? Ni na goye ka, Dehai. Ka yi mini fitsari a baya a gonar alkama, na sha duka saboda kai ka faɗa kwata — yau ni ce mai baƙar ƙafa.

Ba kai ba ne, na sani, ba ka da wannan wayon. Matarka ce. Cuilan, mai murmushi kamar ana binta da kyamara. "Yaya, kin rame, Yaya ki ƙara miya," tana faɗa tana duban inda na ajiye jakata, ko ta kwana nawa ce. Na tsani muryarta. Na tsani yadda take riƙe ludayin Mama.

Na tuna Gwaggo Fenglan a rumfar itace, cikin sanyi, ta rufe kai da bargo… shekarata goma. Mijinta ya kore ta ana saura kwana uku sabuwar shekara. Mama ta miƙo mini kwano, kai wa gwaggonki, kada ki bari ta leƙo. Kaka ce ta tilasta, ai Mama ba ta da ta cewa a lokacin. Gwaggo ta karɓa ba ta dube ni ba.

Ni ba Gwaggo ba ce. Zan zo. Zan shiga ta babbar ƙofa da rana tsaka, ni zan liƙa jar takardar fatan alheri a jikinta, ni zan yanka kabejin. Baba rabin jikinsa ya shanye, cokali ma sai an riƙe masa, wa ya ce zai ga wata shekarar? Na saya masa rigar sanyi mai maɓalli manya, wadda hannu ɗaya zai iya. Zan sa masa ita, in zauna kusa da shi, in kalli kowace fitila ta gidan ɗaya bayan ɗaya, har ta banɗaki. Arzikin ya tsiyaye ɗin!

Mama zan kira. Bari ta ji abin da ɗanta da surukarta suke ƙullawa a bayanta. Hayaniya ta yi yawa a nan — matakala, can ba kowa. Bari in sake jin saƙon tukuna, in riƙe kalma da kalma, kada ka ce na ƙara gishiri.

"…kin dai san al'ada." Ka yi shiru. Ɗazu ban lura da shirun nan ba. Akwai tari a bayanka. Busasshen tarin nan, sau biyu, sannan jan hanci.

Sake kunnawa. Ƙara murya. Manna a kunne.

"Ce mata ranar biyu. Kada ka ce ni na ce."

Ba muryar Cuilan ba ce. Ta Mama ce.

Simintin matakalar nan da sanyi yake. Ƙararrawar komawa aiki ce wannan? Ma'aikata suna ta wucewa ta gefena, takalma, takalma… ga lambarki a buɗe, Mama, yatsana a kai. To wa zan kai wa ƙarar yanzu?