Kwarkwaron Baba Tela

"To, saki mu gani," in ji mai gyaran gas.

Baba Tela ya ɗage yatsansa daga maɓallin hita mai ɗumama ɗakinsa. 'Yar shuɗiyar wutar ta yi rawa kaɗan, ta mutu. Ina tsaye bakin ƙofa da labulena da na kawo a rage masa tsawo, ƙofata da tasa suna kallon juna a bene na uku.

Mai gyara ya nuna wani siririn ƙarfe kusa da bakin wutar. "Wannan ne ya mutu, Baba. Muddin yana jin zafi, gas zai zo. Da wuta ta mutu, sai ya rufe. Yanzu ya daina jin komai, shi ya sa yake rufewa da ka saki."

"Ashe kurma ne irina," Baba ya ce. "In na danne ai tana ci."

"Tana ci, amma ba mai gadi. Zan kawo sabo sati mai zuwa. Kafin nan don Allah kada ka kunna."

Ya murɗe famfon gas ya tafi. Baba ya bi bayansa da harara.

Tsohon nan taurin kai gare shi kamar ƙusa, kuma ina son sa haka. Tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai da kekensa na ɗinki. 'Yarsa na da tsohon ciki a wani gari, shi kuma ya rantse jikansa ba zai kwana a bargon kanti ba. Yana harhaɗa masa bargo da ƙyallayen da ya daɗe yana tarawa. Sai dai in sanyi ya kama yatsunsa, ko allura ba ya iya riƙewa.

Washegari na leƙa, ɗumi ya dake ni a fuska. Hita na ci. Ya soke kwarkwaron zare tsakanin maɓalli da murfin ƙarfe, ya danne shi daram.

"Baba! Me aka ce maka jiya?"

"'Yar nan, na girmi mai gyaran, na girmi hitar."

"Wallahi zan kira 'yarka."

"Ki tayar wa mai ciki da hankali a kan kwarkwaro?"

Na fizge kwarkwaron, wuta ta mutu, na jefa shi a aljihu. Ya yi dariya har da tari, ya jawo aljihun keke. Kwarkwaro ne fal a ciki.

Na kira ta duk da haka. Ta yi masa faɗa, ya yi ta "to, to" kamar mutumin kirki. Na ba shi tawa hitar ta lantarki, ya dawo mini da ita wai tana busar masa da ido.

Abin da ya fi tsorata ni tagoginsa ne. Ya ɗinka dogayen matasai ya cusa su a kowace kafa, har ƙarƙashin ƙofa. Aikin gwani ne, ko iskar da za ta motsa zare ba ta shiga.

"Ka bar ko taga ɗaya a buɗe," na ce.

"In ɗumama titi?"

"Kanka ba ya ciwo?"

"Tsufa ne," ya ce, yana murza goshi.

Daga nan na koma sauraron kekensa daga ɗakina. In na ji ƙararsa, sai hankalina ya kwanta.

Ranar da mai gyara ya ce zai zo, keken ya yi aiki har azahar, sannan ya yi shiru. Na ce barcin rana ne. La'asar ta yi, ban ji fitarsa ba. Na fito, a bakin ƙofarsa na ji warin gas, kaɗan ne ƙwarai, don matashin ya tare sauran.

Na buga, na kira, shiru. Ina cikin bugu mai gyara ya hawo bene. Ya shaƙi iska sau ɗaya, fuskarsa ta canza.

"Hajiya, kada ki taɓa makunnin fitila!"

Da kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Ya rufe famfo, ni kuma na yi ta fizgar matasai ina buɗe tagogi ina kuka. Hita ta mutu, ta yi sanyi, kwarkwaro na nan inda aka soke shi. Baba na kan kujera, kansa a jingine da keke, tabarau a hanci. Muka ja shi waje, likitoci suka zo suka yi iya yinsu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan an tafi da shi na koma ɗakin. Mai gyara ya manta sabon ƙarfen a kan teburi, cikin ledarsa. Bargon na ƙarƙashin ƙafar keke, saura gefe ɗaya a kalmashe, allura a soke. Iska na shigowa ta taga tana ɗaga bakinsa.