Tsuntsayen da Suka Gane Raga

Shekara goma sha biyu ina kafa raga a bakin fadamar nan. In kama tsuntsu, in sa masa zobe mai lamba da launi a ƙafa, in sake shi. Wanda ya sake faɗowa raga baɗi, mun san ya rayu. Ni na koya wa ƙanena aikin, tun yana damƙe tsuntsu kamar mai matsar lemo.

Sai ya tafi karatu ya dawo Dakta a ilimin tsuntsaye. Ƙungiyar da muke yi wa aiki ta ba shi ofis mai fanka, ni ina cikin taɓo har gwiwa. In baƙi sun zo, hannunsa suke kamawa, ni a ce "mai raga". Abin yana cina, ba zan ɓoye ba. Har Inna ta koma shi take tambaya lafiyar tsuntsaye.

Ya kwashe rajistar ragata ya zuba a kwamfuta, lissafi ya ce cikin manyan tsuntsaye goma, huɗu ne kawai ke kai wata shekara. Na san ba haka ba ne, don duk wanda bai sake faɗowa raga ba lissafin ya ɗauke shi matacce. Tsohon tsuntsu wayo gare shi: in ya faɗa raga sau biyu ya gane ta, sai ya riƙa bi ta sama. Kullum ina hango irinsu da madubin hange, lafiyarsu lau, ina rubuta launin zobensu a wani ɗan littafi da ke aljihuna.

Kwana biyu kafin babban taron da zai gabatar da lissafin nan, ƙanena ya same ni ina ɗinkin raga.

"Yaya, ko akwai abin da ya kuɓuce mini?"

"Ai kai ne Dakta," na ce.

So nake wani farfesa ya tashi ya tsinka shi a gaban jama'a, sannan a juyo a nemi mai raga. Babu wanda ya tashi, tafi aka yi masa. Bayan wata guda shugabar ƙungiya ta rubuto cewa mutuwar ta yi yawa, ana zargin wahalar kamu ce ke kashe su, saboda haka a naɗe ragar fadama gaba ɗaya.

Shi ya kawo takardar da kansa, idonsa ja, yana ba ni haƙuri wai lissafinsa ne ya raba ni da aikina. Haƙurin nan ya fi zagi ciwo. Na zaro littafin na miƙa masa. Ya daɗe yana buɗawa, yana bin kwanan wata da yatsa.

"Yaya, ranar da na tambaye ka, wannan yana aljihunka?"

Na ce e. Ya mayar mini da shi, ya kama bakin raga ɗaya, na kama ɗaya, muka naɗe. Muna cire sandar ƙarshe, wata tsohuwar tsuntsuwa mai jan zobe da ke cikin littafina ta sauka a kan reshe kusa da mu. A rahoton Dakta, shekararta uku da mutuwa.